Ƙasa a Cikin Kwalba: Kwana Uku a Alabama

Ranar da na je yi wa mahaifiyata Hajiya sallama, sharaɗi ɗaya ta gindaya mini. Ta ce kada in dame ta da hotuna, idonta ba ya ganin abin da ke cikin waya sai dishi-dishi, duk abin da na gani in faɗa mata da bakina. Na ce to. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Sai da na tsinci kaina a ɗakin otal a jihar Alabama, waya a hannu, ina laluben kalmar da zan sa wa abin da na wuni ina kallo, sannan na gane girman aikin da ta ɗora mini.

Wajen ƙanina na je, a birnin Atlanta, inda ya fi shekara ashirin yana zaune. Tafiyar Alabama kuwa shawarar 'yarsa ce. Sunan Hajiya ta ci, don haka Ummi muke ce mata. Shekararta 14, a can aka haife ta. Tana jin Hausa tsaf, amma in ka yi mata magana da Turanci take mayar maka. Ita ce ta ce, "Baffa, in ka koma Kano ba ka taka gadar Selma ba, ba ka ga Amurka ba." Da Turanci ta faɗa, ni na juya shi Hausa, kuma haka na yi ta juyi har ƙarshen tafiyar.

Mun fita bayan sallar asuba, cikin watan Oktoba, da ɗan sanyi-sanyi irin na farkon hunturu. Daga Atlanta zuwa Birmingham awa biyu ce da 'yan kai, kuma da ka tsallaka iyakar jihar Jojiya agogo ya ja baya da awa guda. A hanya ƙanina ya ba ni labarin jakadan Chadi, Adam Malick Sow, wanda a 1961 ya taso daga New York zai je Washington miƙa wa Shugaba Kennedy takardunsa. Ya tsaya a wani gidan abinci a jihar Maryland don ya sha kofi, aka ce masa ba a sayar wa baƙar fata a nan. Kafin shi, a 1957, an hana ministan kuɗi na Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a jihar Delaware, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a wanke abin kunyar.

"Yaya," in ji ƙanina, "da a lokacin ka zo, da babbar rigarka da hularka, ƙofar baya za a nuna maka."

A tsakiyar Birmingham akwai wani dandali mai bishiyoyi da ake kira Kelly Ingram. Wata siririyar hanya ta ratsa shi, a wani wuri ta matse tsakanin bangaye biyu, kuma daga kowane bango karnukan ƙarfe sun yi tsalle baki buɗe, daidai ƙirjin mutum. Ka san ƙarfe ne, amma sai ka ji ka matse kafaɗunka kafin ka wuce. A wannan dandali ne, cikin watan Mayun 1963, 'yan makaranta suka fito daga azuzuwa suna maci don a kawo ƙarshen wariyar launin fata a shaguna da wuraren aiki. Kwamishinan tsaron garin, Bull Connor, ya cika gidajen yari da su, da wuri ya ƙare ya sa aka sakar musu karnuka, 'yan kwana-kwana kuma suka juya musu mesar ruwa mai ƙarfin da ke saɓule ɓawon itace. A cikin wannan watan ne shugabannin Afirka, har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka taru a Addis Ababa suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma hotunan Birmingham sun riga su isa can. Milton Obote na Uganda ya rubuta wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan lamarin.

Tsallaken titi majami'ar nan ce ta layi na 16. Na shiga da girmamawa, kamar yadda zan so baƙo ya shigo masallacin unguwarmu. Wata dattijuwa ce ke zagayawa da mu, Turancinta irin na mutanen kudu, mai ja da lanƙwasa, rabinsa yana wuce ni. Ummi ta matso kusa tana raɗa mini abin da na rasa. Ranar Lahadi 15 ga Satumba, 1963, da ƙarfe 10:22 na safe, bam ɗin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, suka dasa a ƙarƙashin matakalar gefe ya tashi. 'Yan mata biyar na ɗakin ƙasa suna gyara kayansu kafin a fara ibada. Huɗu suka mutu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley da Carole Robertson, kowacce shekara 14, sai Denise McNair mai 11. Ta biyar, Sarah, ƙanwar Addie Mae, ta rayu amma ta rasa ido ɗaya. An shekara 14 kafin a ɗaure mutum na farko a kan wannan ta'asa, sauran biyun kuwa sai a 2001 da 2002.

Da dattijuwar ta zo kan shekarun yaran, raɗar Ummi ta tsaya. Na waiga na ga ta kafe agogon da ke nuna lokacin tashin bam ɗin da ido. Ban ce mata komai ba.

Can sama, a bayan masu ibada, akwai taga ta gilashi mai launi. Siffar wani baƙin mutum ce ya miƙa hannuwa biyu, ɗaya yana ture zalunci, ɗaya a buɗe yana miƙa yafiya. Ba a Amurka aka yi ta ba. Wani mai aikin gilashi, John Petts, a yankin Wales na Birtaniya, ya ji labarin bam ɗin, ya nemi a mayar wa majami'ar tagar da ta fashe. Wata jarida a birnin Cardiff ta buɗe asusu, aka kuma sa ƙa'ida: kada kowa ya ba da fiye da sule biyu da sisi, don kada wani attajiri ya biya shi kaɗai a ce kyautarsa ce. Yara suka yi layi da 'yan kuɗin kashewarsu. A 1965 tagar ta iso. Mutanen da suke da nasu harshen, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin Alabama ba, su ne suka yi wannan ta'aziyya, kuma ga ta nan rana na ratsa ta har yau.

Da dare na zauna zan aika wa Hajiya saƙon murya. Awa shida ce tsakaninmu, wato ina barci za ta saurara bayan asuba, in na farka in tarar da amsa. Sau uku ina farawa ina gogewa. Kalmomin da muka saba ji a rediyo suna nan: gwagwarmaya, fafutuka, wariyar launin fata. Amma in na jera su sai in ji kamar labaran duniya nake karantawa, ba da mahaifiyata nake magana ba. A ƙarshe na bar su. Na ce mata, Hajiya, yara huɗu ne sa'annin takwararki, sun yi kwalliya sun je wurin ibada, ɗaya na ɗaure wa ɗaya ɗamarar riga, aka tashe su da bam saboda baƙaƙe ne. Na faɗa mata zancen tagar da sule biyu da sisi.

Da safe amsarta na jira na. Ta daɗe tana salati. Ta ce, "Yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Allah ya saka musu." Sannan ta ce sule biyu da sisi ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun talaka, waɗannan mutanen sun san makoki, don gudummawar makoki ba a barin mutum ɗaya ya ɗauke ta. Ta sa in sake faɗa mata sunayen yaran a hankali.

Selma ƙaramin gari ne a bakin kogin Alabama, mutanensa ba su kai 20,000 ba a yau. Abin da ya fara bugun idona shi ne talauci: shaguna a garƙame, gidaje sun rufta, ga kuma tabon guguwar da ta ratsa garin a watan Janairun 2023. Garin da sunansa ya zaga duniya, shugabanni na zuwa duk shekara su yi hoto a kan gadarsa, amma in an watse a bar shi da kufai. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma a ganina duk wanda zai girmama tarihin Selma ya kamata ya fara da duban halin da 'ya'ya da jikokin masu tarihin ke ciki.

Rigimar Selma ta ƙuri'a ce. A gundumar akwai baƙaƙen fata kusan 15,000 da suka isa zaɓe, amma masu rajista ba su kai 400 ba a farkon 1965. Doka ba ta fito fili ta ce baƙi ba zai yi zaɓe ba, dabaru aka shimfiɗa. Ofishin rajista ba ya buɗewa sai kwana biyu a wata. In ka samu shiga a ba ka jarrabawa a kan tsarin mulki, wanda zai yi makin kuma shi ne wanda ba ya so ka ci. In ka dage, mai gidan da kake wa aiki ya ji labari ya kore ka. A garin Marion da ke kusa, ɗan sandan jiha ya harbi wani saurayi, Jimmie Lee Jackson, yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa daga duka. Mutuwarsa ce ta sa aka ce a taka da ƙafa har Montgomery, babban birnin jihar, a kai wa gwamna kuka.

Mun tsaya a gaban majami'ar Brown, inda ake taruwa kafin a fita. A nan Malcolm X, musulmi mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe, ya yi jawabi ranar 4 ga Fabrairu, 1965, kwana 17 kafin a kashe shi. Shekarar da ta gabata ya sauke farali, ya zama Alhaji Malik El-Shabazz, daga can ya biyo ta Najeriya, ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Na adana wannan don Hajiya.

Sai gada. Tun daga bakinta ka ga ta yi doro, tana hawa sama, ba ka ganin abin da ke ɗaya ɓangaren sai ka kai tsakiya. Wannan ba ya fita a hoto, sai ƙafa ta taka. Mun hau a jere ta gefen masu tafiya a ƙasa, motoci na wucewa gadar na ɗan girgiza, ruwa can ƙasa launin kunun kanwa. Haka mutum kusan 600 suka hau ranar Lahadi 7 ga Maris, 1965, biyu-biyu, shiru, jagororinsu John Lewis da Hosea Williams a gaba. Lewis yana da shekara 25, da 'yar jaka a bayansa, ciki akwai littattafai biyu, tuffa, lemo da buroshin goge baki, don ya ɗauka a gidan yari zai kwana. Da suka kai doron suka hango 'yan sandan jiha sun tare hanya, wasu a kan dawakai. Williams ya dubi ruwan ya tambayi Lewis ko ya iya iyo. Ya ce a'a. Suka ci gaba da tafiya.

Na tsaya a daidai wurin, tsigar jikina ta tashi. Daga nan komawa baya ya fi sauƙi, hanya a buɗe take, ba wanda zai zarge ka. Kulake, bulala da hayaƙi mai sa hawaye ne suka tarbe su a gangaren. An fasa wa Lewis ƙoƙon kai. An bar Amelia Boynton kwance a sume a kan titi. A daren nan aka nuna hotunan a talabijin, ƙasar ta gani.

Sunan da ke rubuce ɓaro-ɓaro a saman gadar, Edmund Pettus, na wani janar ne da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta, kuma jigo a Ku Klux Klan. Ummi ta ce ya kamata a kankare shi. Mahaifinta ya ce a bar shi, don duk wanda ya ji sunan yanzu waɗanda aka daka yake tunawa, ba mai sunan ba. Suka yi ta ja-in-ja har muka sauko. Ni zuciyata ta fi karkata ga ƙanina, musamman da na tuna cewa a 2020, da John Lewis ya rasu, ta ƙarƙashin wannan sunan aka ratsa da gawarsa a keken doki, 'yan sandan jihar suna sara masa.

Waɗanda suka amsa kira bayan wannan Lahadin ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai limamin Yahudawa Abraham Joshua Heschel, haifaffen Warsaw, wanda 'yan Nazi suka hallaka masa dangi, ya ce ji ya yi ƙafafunsa suna addu'a. Akwai Iakovos, shugaban cocin Girkawa na Amurka, da baƙar alkyabbarsa. Akwai James Reeb, fasto farar fata daga Boston, da aka yi wa dukan da ya zama ajalinsa a titin Selma. Ranar 21 ga Maris aka sake tashi, wannan karon da kariyar sojoji, aka yi kwana biyar ana tafiya kilomita 87, kusan kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Mun bi hanyar a mota. Ƙasar wurin baƙa ce sidik, gonakin auduga sun yi fari fat. A gundumar Lowndes, inda baƙaƙe suka fi yawa nesa ba kusa ba amma ko mutum ɗaya ba shi da rajista a farkon shekarar, muka tsaya a filin da manoma 'yan haya suka zauna a tantuna bayan masu gonaki sun kore su saboda sun yi rajista. A gefen filin muka shimfiɗa darduma muka yi azahar da la'asar. Gaba kaɗan akwai alamar inda aka harbe Viola Liuzzo, farar mace mai 'ya'ya biyar daga Detroit, tana jigilar masu macin zuwa gida. Ranar 6 ga Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin zaɓe.

Amsar Hajiya ta wannan rana ta fi minti goma. Ta fara da cewa, "Ashe har da alhaji a cikinsu." Daga nan ta shiga abin da ban taɓa jin ta ba da shi dalla-dalla ba. Mahaifinmu tela ne a Fagge, ɗan NEPU na gani kashe ni. Tana amarya aka kama shi don ya je sauraron lacca, ya yi wata uku a tsare, ita ta riƙa yin ƙosai da safe don a ci abinci a gidan. Ta ambaci Malam Aminu Kano, ta ambaci Gambo Sawaba da aka yi ta ɗaurewa ana saki saboda ta ce mata ma mutane ne a wajen zaɓe. Ta ce a zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa, alhali matan Kudu suna yi. "Ni sai a 1979 na dangwala," in ji ta, "da uban takwarata goye a bayana. Mai mabuɗi na dangwala wa. Na wuni ban so tawadar ta goge ba." Ta ce abin da waɗancan mutanen suka tsallaka gada nema, mu sunansa sawaba.

Na kunna saƙon a mota da safe. Ƙanina bai san wannan labarin ba, shi da aka goya. Ya rage gudu, ya ce in sake kunnawa daga farko.

Montgomery muka shiga ta dandalin da ke da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar gari. A nan aka yi kasuwar bayi, a nan kuma Rosa Parks ta hau bas ranar 1 ga Disamba, 1955. Mutum-mutuminta na tsaye a wurin, ƙaramar mace riƙe da jaka. Tela ce, shekararta 42, kuma sakatariyar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta garin, wato ba tsautsayi ne ya sa ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera ba, ta san abin da take yi. Watanni tara kafin ita, wata 'yar makaranta mai shekara 15, Claudette Colvin, ta yi irin wannan an kama ta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa, ruwa da rana. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna suyar kaji da gashin waina irin tasu suna sayarwa, kuɗin na tafiya wajen man motocin da ke ɗaukar mutane kyauta. Ita ce ta tuna mini da ƙosan Hajiya. Zancen kasuwar bayi kuwa bai bar ni na ɗaga kai ba, don na san an sayar da mutane a Kurmi, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya.

Majami'ar Dexter, inda jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, ya yi limanci daga 1954 zuwa 1960, ƙarama ce ta jan bulo, taku kaɗan daga fadar gwamnatin jihar inda mutum 25,000 suka kammala macin Selma. Daga wannan mumbarin ya tafi Accra bikin 'yancin Ghana a 1957, ya tafi Indiya a 1959 bin sawun Gandhi da ya koyi dabarar gwagwarmaya ba makami daga gare shi, ya kuma zo Legas a watan Nuwamban 1960 lokacin rantsar da Nnamdi Azikiwe. Ba mu daɗe a nan ba, Ummi na ta jan mu zuwa kan tudu.

A kan tudun ne wurin tunawa da waɗanda taron jama'a suka kashe, wanda lauya Bryan Stevenson da ƙungiyarsa suka buɗe a 2018. Abin da ke tarbarka a farko aikin wani ɗan Ghana ne, Kwame Akoto-Bamfo: mutum bakwai a cikin mari, har da mace rungume da jariri, tsatsar sarƙa ta zubo a jikinsu kamar jini. Sunan aikin ma da harshen Akan ne, Nkyinkyim. Daga nan ka shiga tsakanin dogayen akwatunan ƙarfe fiye da 800, kowanne na gunduma guda, an sassaƙa sunaye da ranaku. Mutum fiye da 4,400 ne, tsakanin 1877 da 1950. Da farko suna tsaye daidai da kai, kana karanta suna ido da ido. Kana tafiya daɓen yana gangarawa ba ka ankara ba, sai ka ga sun rabu da ƙasa, sun koma rataye a saman kanka, dole ka ɗaga wuya kamar yadda 'yan kallo suka ɗaga a wancan zamani. Da yawa ba suna, an rubuta ba a san shi ba. A bango an jera dalilan kisan. Mary Turner, a Jojiya a 1918, da tsohon ciki aka kashe ta don ta yi kuka a kan kisan mijinta.

Wannan karon ban iya jira dare ba. Na nemi benci na kira Hajiya kai tsaye, ta idar da magariba ke nan. A nan ne Hausata ta tsaya cak. Na ce kisan gilla, na ji bai ɗauko taron 'yan kallo ba. Na ce ɗaukar doka a hannu, na ji kamar na yarda akwai laifin da aka yi. Sai na kwatanta mata: jama'a ne za su taru da rana tsaka, wani lokaci har da yara, su kashe mutum a kan zargi, a ɗauki hoto, kowa ya san kowa, kuma ba wanda za a kama.

Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Irin na ihun ɓarawo ke nan. Taya da fetur."

Na so in ce mata ba ɗaya ba ne, kuma lallai akwai bambanci, don wancan tsari ne na tsoratar da jinsi guda na tsawon shekaru, da sanin hukuma. Amma bakina ya yi nauyi. Na taɓa ganin irin wannan taron a bakin kasuwa, na kuma wuce na tafi harkata. Ban san sunan wanda aka kashe ba, ban tambaya ba, ba kuma wani ƙarfe da aka sassaƙa masa. Laifi tudu ne, na zo har Alabama na hau na wasu, Hajiya daga ɗakinta ta nuna mini wanda nake tsaye a kai.

A gidan tarihin da ke haɗe da wurin ba a ɗaukar hoto, wanda ya yi daidai da sharaɗin Hajiya. Akwai wani dogon bango na kantoci, an jera manyan kwalabe ɗaruruwa. A cikin kowacce ƙasa ce da aka haƙo daga inda aka kashe wani, an rubuta sunansa da garin da ranar. Wata ja ce kamar ta Zariya, wata baƙa, wata fara kamar rairayin Katsina, wata da 'yan saiwoyi a ciki. Jama'ar gari ne ke zuwa su haƙo da hannunsu, wani lokaci jikokin mamacin.

Ummi ta daɗe a gaban kwalaben. Can ta juyo ta tambaye ni, da Hausa, yadda ake kiran abin da ke ciki. Na ce ƙasa. Ta ce ba ita ce kalmar da muke faɗa wa Najeriya ba? Na ce ita ce. Wadda ake nomawa, wadda ake binne mutum a ciki, da wadda ake riƙe fasfonta, duk ƙasa ce a wurinmu. Wanda yake da cikakken haƙƙi a cikinta kuma ɗan ƙasa muke ce masa. Ina faɗa ina jin kalmar da na kwana uku ina nema ta zo da kanta: abin da aka yi ta fama a kansa tun daga bas har gada, 'yancin ɗan ƙasa ne, kuma ga shaidar waɗanda aka ce ba 'yan ƙasa ba ne a cikin kwalba. Na tuna da takardar shaidar asali da ake tambayar yaro a gida, wanda aka haifi kakansa a garin, kafin a ba shi gurbin karatu.

A hanyar komawa Atlanta duhu ya fara, ƙanina na tuƙi ba ya magana. Ummi ta ce in ba ta wayata, yau ita za ta yi wa Hajiya bayani. Ta fara, ta ce "kasa". Na ce a'a, wannan gazawa ce, ko macijiya. Na nuna mata yadda ake danne ta a maƙogwaro a sake. Ta goge ta sake, ta goge ta sake. A karo na huɗu ta fito.

"Hajiya, ina wuni. Ni ce takwararki. Yau mun ga ƙasa a cikin kwalba. Kowace kwalba mutum ne."

Ta tsaya tana neman kalma ta gaba, yatsanta na kan madannin, ba ta saki ba.